Shuka ta Biyu a Gonar Baba

Bana ma ruwa ya yi mana irin halinsa. Ya sauka sau ɗaya mai kyau, ƙasa ta jiƙu, kowa ya fita da sungumi, sai sama ta washe ta bar mu da rana. Shekaranjiya jikata Saratu ta raka ni gona. Geron ya tsiro ya kai tsawon yatsa, sannan ya nannaɗe kamar an wuce da wuta ta kansa. Ta ɗaga waya ta ɗauki hoto, kafin mu iso gida ubanta da ke Legas ya gani, har ya kira yana jajanta mini. Ni kuwa ina tafe ina tuna wata damina da na tsaya a wannan gona da na'urar ɗaukar fim a kafaɗa.

Shekara biyu ko uku ke nan da samun mulkin kai. Ina saurayi a lokacin. Na gama makaranta a Sakkwato na shiga aikin majigi, muna yawo ƙauyuka muna haska wa mutane fim a jikin farin ƙyalle. Sai aka ji kamfanin da ke da gidan rediyo a Kaduna ya buɗe sashen talabijin, yana neman waɗanda hannunsu ya saba da fim. Kamfanin na haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin jiha da wasu kamfanonin Turawa. Su suka kawo injuna da masu koyarwa, mu kuma aka ɗauke mu muka koya. Sashen namu ƙarami ne ƙwarai, kuma 'yan rediyo kallon ƙanen bayansu suke yi mana. Da gaskiyarsu. Muryarsu tana kaiwa har garinmu Illela ta tsallaka iyaka, mu kuwa hotonmu bai wuce Kaduna da 'yan garuruwan da ke kusa ba. Da yamma muke buɗewa, ba a jima ba mu rufe. Akwatunan kallon ma yawanci a gidajen manyan ma'aikata suke.

Bayan na ƙware aka ba ni na'ura tawa. Ba ta ɗaukar murya, kuma sai an murɗa ta kamar agogo kafin ta yi aiki. Aikina na farko a wajen gari shi ne wani shiri kan noman damina. Mai shirya shi Malam Yakubu ne, mutumin Zariya, dattijo mai yawan shiru. Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinmu ya ce, "Umaru, ka ce garinku a bakin iyaka yake?" Na ce haka ne. Ya ce, "To can za mu. Ina so a ga gero a ƙarshen ƙasa." Direbanmu Bitrus ne, mutumin Kagoro, wanda ba ya rabuwa da hular ulu ko da ana zafi.

Da muka baro Kaduna ko'ina kore ne shar. Muna yin arewa koren yana raguwa. Daga Sakkwato zuwa Illela, a kan hanyar da ba kwalta, ba mu ƙara ganin komai ba sai jar ƙasa da ƙayoyi. An yi ruwa sau ɗaya, an yi shuka, shukar ta ƙone. Iskar da ke shigowa ta tagar mota kamar daga bakin murhu take fitowa.

Abin da na fara lura da shi a garin shi ne shiru. Mun shiga da la'asar, lokacin da ya kamata a ji daka daga kowane gida, amma ban ji taɓarya ko ɗaya ba. A gidanmu akwai Baba da Inna, da yayata A'i da 'ya'yanta biyu, don mijinta ya tafi cin rani kudu bai dawo ba tukuna. Amfanin da aka samu bara bai taka kara ya karya ba, rumbu ya yi ƙasa tun kafin bazara ta kama.

Ga yadda yini yake tafiya a gidan. Da asuba Yaya A'i za ta tafi rijiya, ta bi layi, guga ya fito rabinsa laka. Ta kawo a tace da tsumma, a bar shi ya kwanta. Daga nan ta shiga daji da sauran mata neman yaɗiya da 'ya'yan anza. Anzar nan ɗaci gare ta kamar maɗaci, sai Inna ta jiƙa ta, ta zubar da ruwan, ta sake jiƙawa, har ta ciwu. Da rana a dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, wanda kana iya ganin gindin ludayi ta cikinsa. Da yamma a yi kwaɗon ganye da 'yar dusa. Yara sun daina wasa a waje, sai su kwanta a inuwar rumbu suna kallon kaji. Baba kuwa kullum bayan sallar asuba zai tafi gona, ya zaga ta, ya dubi gabas, ya dawo.

Ranar da muka sauka, an shimfiɗa wa baƙi tabarma a zaure, na shiga cikin gida in ɗebo musu ruwa. Sai na tarar da Baba tsaye a bakin ɗakin Inna, suna magana ƙasa-ƙasa.

Baba ya ce, "Baƙi daga nesa sunka zo, kuma tare da ɗanki. Ba su kwana da kwaɗo cikin gidana. Ki sauke geron nan ki yi musu tuwo."

Inna ta ce, "Malam, abin da ya rage iri na. In na daka shi, ruwa ya zo, mi za mu zuba rami?"

"Allah na nan."

"Allah na nan, shi ya ba mu hankalin aje shi."

Ban taɓa jin Inna ta mayar wa Baba magana ba sai ranar. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi tukunyar irin da ke rataye a ragaya. Na san halinsa. In aka kai gobe, zai sauke tukunyar da hannunsa.

Na fito da ruwan. Bitrus ya karɓi ƙwaryar ya sha, ya dubi fuskata, ya dubi yaran da ke leƙe. Ya tashi ya buɗe bayan mota, ya sauko da buhun shinkafar guzurinmu da garin kwaki da gwangwanayen kifi. Ya je ya durƙusa gaban Baba.

Ya ce, "Baba, alfarma nake nema. Tun daga Kaduna ni nake dafa wa mutanen nan, kullum sai sun ce na ƙona. Na gaji da zagi. A roƙa mini Mama ta karɓi girkin. Amma a tukunya ɗaya za a yi da na gida, don mu a garinmu ba ma cin abin da aka ware mana."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya gane, kuma Bitrus ya san ya gane. Can ya ce, "Umaru, kai ma innarka." Iri ya kwana a ragaya.

Washegari muka fita gona. Malam Yakubu ya tsaya a bakin kunya yana juya hularsa a hannu. A ofis ce masa aka yi ya kawo hoton ci gaban noma, ga shi kuma ba abin da ke gabansa sai busassun tsirrai da ƙasa mai ƙona tafin ƙafa. Wani ya ce akwai ɗan kore a bakin tafkin Kalmalo. Muka je muka ɗauki abin da ya samu, 'yan fadamu da shanu suna shan ruwa. Da muka dawo Baba yana zaune a gindin aduwar da ke tsakiyar gona.

Ya ce, "Malam Yakubu, wanga abu da kuke ɗauka, su wa ka kallo nai?"

Malam Yakubu ya ce, "Yawanci manyan ma'aikata ne, Baba. Su ke da akwatin."

"To ku nuna musu wagga gona. In sunka ga kore, cewa za su yi mun ƙoshi."

Malam Yakubu ya sake duban gonar. Sannan ya mayar da hularsa ya ce, "Umaru, murɗa na'urarka." Na ɗauki gonar tun daga wannan gefe har wancan. Na ɗauki rijiya da layin mata, na ɗauki ƙwaryar anza. Da na juyo da na'urar wajen Baba sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Gona na ce, ba ni ba. Mi za a yi da hoton tsoho zaune?"

A cikin kwanakin ne aka fita roƙon ruwa. Maza da yara suka taru a filin idi da hantsi, riguna a juye, ba takalmi. Liman ya ce kada a ɗauki hoto, na ajiye na'urar a mota na shiga sahu. Ƙasar tana cizon goshi in ka yi sujada. Da muka sallame na hango Bitrus can gindin wata bishiya, ya cire hular nan tasa ya sunkuyar da kai. Ranar ba a yi ruwa ba, washegari ma haka. Shinkafa ta kusa ƙarewa, Malam Yakubu ya ce mu shirya komawa.

Muna ɗaure kaya bayan la'asar sai iska ta tsaya cik. Zufa ta riƙa tsiyaya ko ba ka motsa ba. Gabas ta yi baƙi tun daga ƙasa, awaki suka fara shigowa gida da kansu. Sai wata iska mai sanyi ta taso, ɗauke da ƙamshin ƙasar da aka riga aka jiƙa a wani wuri. Ɗigon farko manya ne, kowane ya faɗi sai ƙasa ta shanye shi nan take. Daga nan ruwa ya kece. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi ihu. Baba ya tsaya a ƙofar zaure yana motsa baki. Yaya A'i ta jera tukwane a ƙarƙashin indararo. Inna kuwa ta shiga ɗaki ta sauke tukunyar iri, ta zauna da faifai tana tsince shi.

Hanya ta yanke, mota ba ta iya fita, don haka da safe da baƙin aka tafi gona. Ƙanen Baba ya zo daga Amarawa da 'ya'yansa, maƙwabta ma suka ce a fara da tamu sannan a wuce tasu. Maza suna gaba da sungumi, kowane taku sara ɗaya. Mata da yara suna biye, su zuba ƙwaya kaɗan a rami su rufe da diddige. Bitrus ya karɓi sungumi yana cewa ƙasarmu ba ta da nauyi, a garinsu sai ka yi faɗa da ita. Malam Yakubu ya tuɓe takalmi ya naɗe wando, Inna ta ba shi 'yar ƙwarya ta nuna masa yawan da zai riƙa zubawa, tana tafe tana duba hannunsa don kada ya yi ɓarna. Ƙasar da sanyi a ƙafa. Ciki ba komai sai kunu, amma ba wanda ya zauna.

Baba ne a gaban layi. Da ya ga na ɗaga na'ura ya ce, "In za ka ɗauka, ɗauki aiki. Kada ka ce in tsaya." Na bi shi ina ɗauka, yana sara yana takawa, har ƙarshen kunya. Da fim ɗin ya ƙare na ajiye na'urar a gindin aduwa na karɓi sungumin wani.

Da hanya ta bushe Malam Yakubu ya ce in zauna har a gama noman farko, shi zai yi bayani a ofis. Suka tafi da gwangwanayen fim. Wanda bai yi noma ba yana zaton in ruwa ya sauka wahala ta ƙare, alhali a lokacin yunwa take tsananta. Gona ta yi kore, ciyawa tana tsere da gero, aiki ya ninka, rumbu kuwa fayau. Sauƙin da aka samu shi ne tafasa da rama sun fito, kwaɗo ya ƙaru. Mukan fita da hauya tun da duhun asuba, in rana ta take sai ka ga ƙasa tana juyawa. Da yamma Inna za ta zuba wa Baba nasa a akushi, ya ɗauka ya fita zaure, don can ya saba ci. Ni nakan ci a cikin gida ina hira da Yaya A'i. Akushin yakan dawo a suɗe.

Da aka gama noman Baba ya raka ni tasha. Ya ce, "Ka riƙe aikinka da kyau. Ka gaida min Malam Yakubu, ka gaida mai hula." Muryarsa garau, tafiyarsa ba ta sake ba.

An nuna shirin wata yamma. Malam Yakubu ya sa busasshiyar gonar a farko, shuka ta biyu a ƙarshe, ya ɗora bayani da muryarsa. Wasu manya a kamfanin ba su ji daɗi ba, wasu sun ce ya yi kyau. Ko ya sa an aika wa Illela da tiya ɗaya ta hatsi, ban sani ba, ban kuma ji ba. A Illela dai ba wanda ya gani.

Lokacin da gero ya nuna aka fara gasa tumu, wani direban babbar mota ɗan garinmu ya same ni a bakin ƙofar ofis ya gaya mini Baba ya rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, irin wanda yakan kama shi kowace damina ya tashi. Wannan karon jikin bai riƙe ba. Kafin in isa an rufe shi. Shukar nan ta biyu ta yi, ba da yawa ba, amma ta kai gidan har wata damina.

Na ƙare rayuwar aikina a wannan sashe. Ina nan Turawa suka bar wa gwamnati hannun jarinsu suka tafi. Ina nan sojoji suka karɓi mulki, aka raba jihar. Daga baya aka raba mu da 'yan rediyo, aka haɗa mu da sauran gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin hukuma ɗaya, aka sake mana suna. Hoto mai launi ya zo, fim ya kau, kaset ya maye gurbinsa. Tsofaffin gwangwanayen farko kuwa, a garin ƙaura daga wannan ɗaki zuwa wancan, zafi da raɓa suka ci mafi yawansu. Amma a duk shekarun, ranar da ta fi zama mini a rai ita ce ranar da na kai Inna gidan talabijin ɗin.

Bayan ta fita takaba ita ta nema. Ta ce an gaya mata Malam, wato Baba, yana nan Kaduna cikin gwangwani, tana so ta gani. Ba ta taɓa wuce Sakkwato ba. Na kawo ta a mota, da safe na kai ta ɗakin da muke haɗa fim. Malam Yakubu ya ba ta kujera, ta ce ita ƙasa za ta zauna. Aka rufe taga, na kunna majigi na haska a bango.

Gonar ta fito, ta ce, "Ga aduwa." Ta ga kanta da 'yar ƙwarya, ta ja mayafi ta rufe baki. Sai ga Baba, yana sara yana takawa, yana matsowa har ya cika bangon. Ba murya, sai ƙarar injin. Da ya wuce ta ce, "Maido shi." Na mayar. Wannan karon ta miƙe ta je dab da bango, har inuwarta ta taɓa kafaɗarsa.

Ta ce, "Umaru, dubi wuya nai. Dubi hannun riga, ba komi ciki."

Na duba. Ni na ɗauki hoton, na kuma kalle shi sau da yawa muna haɗa shirin, haske nake dubawa da daidaiton tafiya. Sai a ranar na ga ƙashin wuyan, na ga yadda rigar take lilo a jikinsa.

Ta ce, "Kullum ina tare da shi, ban ga ya rame haka ba. Ina zuba mai, akushi na dawowa ba komi." Sannan ta ce a hankali, "'Ya'yan A'i kullum zaure suke bin shi. Ashe su yake ba."

Fim ɗin ya ƙare, bangon ya koma fari, na kashe injin.

Ta juya wajen Malam Yakubu. "Ɗana, mutane sun ga wanga?"

"Sun gani sau ɗaya, Inna."

"To ya isa. Gonar ku nuna ma wanda kunka ga dama. Shi kam bai son a gan shi haka."

Fim ɗin kayan kamfani ne, kuma ba a taɓa shi sai da izini. Malam Yakubu ya san da haka fiye da ni. Ya cire faifan fim ɗin daga injin, ya warware shi a gaban taga yana dubawa har ya kai wurin da Baba ya fara fitowa. Ya ɗauki almakashi ya yanke, ya bi har inda ya ƙare ya sake yankewa. Ya naɗe guntun a yatsunsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce da ni, "Haɗa sauran. In an tambaya, ni na yi."

Inna ta karɓa ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta yi masa addu'a, ta ce a kira mata mai hula shi ma ta yi masa. Na ce ta kwana biyu in zaga da ita gari, ta ga gada da jirgin ƙasa. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Na ga abin da na zo gani. Kai ni tasha."